Adireshin Malam Hodi

Mujtaba ya sake duba allon saba, babbar na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, sunan yana nan: HODI, lamba ta goma sha bakwai, ƙarfe takwas da minti biyu.

Aikinsa ke nan a wannan ofishi na Birnin Kebbi tun da aka haɗa kwamfutoci bara. Duk wadda aka kunna sai ta roƙi adireshi, saba ta ba ta aro na yini ɗaya, ta rubuta sunanta. Don sauƙi, shi ya sa wa kowace sunan mai zama gabanta, har ya manna takarda a jiki.

To Malam Hodi, ma'aikacin ofishin, ya rasu sati uku ke nan, kwamfutarsa kuma ta yi ɓatan dabo. Mujtaba ne ya sa hannu a takardar karɓarta, kuma ƙarfe huɗun yau kwamiti zai zauna. In ba a gan ta ba, ɓarawo za a kira shi, a sallame shi.

"Tana cikin ginin nan, ranka ya daɗe," ya ce wa darakta. "Kullum da safe sai ta karɓi adireshi."

"To karɓo ta a adireshin," in ji darakta, ko kai bai ɗaga ba.

Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa sito, ya hau silin ya sha yana. Wayar teburin mamacin tana yashe a ƙasa, ba ta shiga komai ba. Nan ne tsoro ya fara kama shi, don ya san saba ba ta ƙarya.

Baiwa mai shara ta same shi durƙushe.

"Mi kaka nema, ɗana?"

"Kwamfutar Malam Hodi, Inna."

"Ai ta tahi Argungu. Ranar ukku munka haɗa kayanai, buta da darduma da ita. Ba sunanai ne jiki ba? Kayan mamaci ba a barin su hannun mutane."

Ko sallama bai yi mata ba ya nufi tasha.

A Argungu, Sauda matar marigayin tana takaba, ta bayan labule ta amsa gaisuwarsa. Ƙanen mijin ya kai shi wani ɗaki mai warin albasa. Ga ta nan bisa buhun shinkafa, naɗe cikin zane, wayar wutarta a ƙudundune.

"Wa ke kunna ta?" Mujtaba ya tambaya.

"Da wace wuta? Wata biyu ba mu ga wuta ba unguwar ga. Rabon gado muke jira, ba wanda ya taɓa ta."

Ya ɗora tafinsa a kanta. Sanyi ƙalau.

Da ƙyar suka yarda ta gwamnati ce. Ya rungumo ta a cinya cikin mota har Birnin Kebbi. Huɗu saura kwata ya dire ta gaban kwamiti. Aka yi dariya, aka wanke shi, darakta ya ce ya je ya goge sunan a huta.

Ya kamata ya yi murna, amma sai ya koma ɗakin saba. Rauda mai buga takardu ta biyo shi. Sunan yana nan, an ma sabunta aron ƙarfe biyu da rabi, daidai lokacin da Malam Hodi kan dawo daga sallar azahar. A lokacin kwamfutar tana kan cinyarsa a hanya.

"Goge mana," Rauda ta ce a hankali.

Ya daɗe yatsansa na kan maɓallin. Sai ya buɗe wani shafi, ya ware lamba ta goma sha bakwai, yadda saba ba za ta ƙara ba kowa ita ba.

"Adireshi bai ƙare muna ba," ya ce. "In ya zo gobe, kada ya iske wani a wurinai."