Farar Wuta a Akwatin Goran

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin lantarki a masana'antar ƙarfe ta Port Kembla, ban taɓa haɗa waya da niyyar ta ba da matsala ba. Sau ɗaya na yi haka, bayan na yi ritaya, a garejin gidana, kuma ina cikin hankalina.

Aikina yanzu shi ne gyaran akwatunan wasan dambe na bidiyo, masu sanda ɗaya da maɓallai takwas, waɗanda 'yan gasa ke ɗorawa a cinya suna sarrafa ɗan wasansu na cikin allo da su. Saboda 'yata Bronwyn na koye shi. Yatsu biyu na hannunta na dama sun sandare tun wani haɗarin keke, sai na ƙera mata akwati, na matso da maɓallan kusa da juna. Da shi ta kai wasan ƙarshe a gasar shekara-shekara da ake yi a zauren kulob ɗin unguwarmu. Ranar ne Goran Ristevski, wanda ta fitar a zagayen baya, ya ɗaga akwatin sama a gaban jama'a.

"Ku dubi aikin tsoho Pascoe! Babanta ne ke buga mata daga ciki. Mai yatsa uku ce za ta fi ni sauri?"

Aka kwashe da dariya. Alƙalai suka buɗe akwatin ba su ga komai ba, duk da haka suka cire ta, wai don a zauna lafiya. Ta koma garin Dapto da zama, ba ta ƙara yi mini maganar wasan ba.

Bayan shekara uku, wata Asabar da hantsi, Goran ya shigo garejin da akwatinsa a hammata.

"Murray, mutumina! Har yanzu kana raye? Kowa ya ce babu mai iya liƙa waya da dalma irinka."

"Me ke tafe da kai?"

"Fitilu nake so, ɗaya ƙarƙashin kowane maɓalli, da zobe a gindin sanda. Ka sa mini makunni a gefe. Wasannin farko launi-launi ya isa. Idan na hau dandamali a wasan ƙarshe zan murɗa shi, duk sanda na danna maɓallan sama huɗu tare komai ya yi fari fat. Ina so na bayan zaure ma su rufe ido."

Bai ambaci Bronwyn ba. Ya manta ne, kuma mantuwar ta fi zagin yi mini ciwo.

Kowane mai wannan sana'a ya san wayar da ke haɗa akwati da na'urar wasan, ƙayyadaddiyar wuta take kawowa. Farin haske ya fi kowane launi shan wuta, domin ja da kore da shuɗi ne ke kamawa lokaci guda. Aikin ƙwarai shi ne a ba fitilun batirinsu daban, ko a rage musu ƙarfi. Ni kuwa na jona su kai tsaye da allon wutar da maɓallan ke sha daga gare shi, ban rage komai ba. A gareji, da gajeriyar waya, akwatin ya jure. Amma na san dandamalin kulob: doguwar waya ce ta mita biyar ake jawowa daga na'ura, wuta na isowa a gajiye. Na kuma san dokar gasa: wanda akwatinsa ya ɗauke a tsakiyar wasa ya faɗi zagayen.

Na yi dalmar da kyau, kyau irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba. Goran ya gwada, gareji ya haske, ya daki kafaɗata.

"Tsoho, kai maye ne!"

Ranar gasa na isa da azahar. Ana soya tsiran nama da albasa a bakin ƙofa, na saya ɗaya cikin burodi, na je duba allon sunaye. A layi na shida na ga B. Pascoe. Tana can kusurwa da tsohon akwatin nan a cinyarta.

"Baba, kada ka zo ka tsaya mini a kai," in ji ta. "Shekara guda ina shiri. Da Goran nake so na kara, a gaban mutanen nan."

Awa uku nake da su kafin wasan ƙarshe. Da na ce wa Goran kada ya murɗa makunnin, da magana ta ƙare. Na zauna a kujerar baya, na cinye burodina.

Bronwyn da Goran ne suka kai wasan ƙarshe, suka hau dandamali. Kowa ya ci zagaye biyu, saura na raba gardama. Goran ya murɗa makunni yana yi wa jama'a murmushi. Jinin ɗan wasanta na cikin allo ya kusa ƙarewa, nasa ma haka. Ya danna huɗun. Zaure ya yi fari, sannan akwatin ya mutu, ɗan wasansa ya tsaya cak a allo, hannuwa a sake. Goran ya yi ta dukan maɓallai, bakinsa a buɗe, fuskarsa kamar ta wanda aka tuɓe a kasuwa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a wannan daƙiƙar ban ji irinsa ba tun ranar da aka haifi Bronwyn.

Alƙali ya ɗaga hannu zai ba ta zagayen. Wani daga baya ya yi ihu, "Wa ya sa masa fitilun? Ba babanta ba ne?"

Bronwyn ba ta kai wa ɗan wasan nasa duka ko ɗaya ba. Ita na koya wa riƙon ƙarfen dalma tun tana shekara goma sha biyu, ta san abin da farin haske ke yi wa doguwar waya. Ta dube ni daga can, ta juya ga alƙali.

"Ban karɓa ba. A ba shi akwatin kulob, a sake."

Aka sake. Goran ya cinye ta cikin ƙasa da minti ɗaya.

Na tarar da ita a wurin ajiye motoci tana saka akwatinta a kujerar baya.

"Don ke na yi," na ce.

"Shekara uku ina cewa ƙarya ya yi mana, Baba. Gobe me zan ce?"

Ta rufe ƙofa, ta ja motarta. Goran ya fito da kofin gasar a hannu, ya miƙo mini mataccen akwatinsa.

"Ka duba mini shi, tsoho. Ina jin wayar kulob ce ba ta da kyau."

Akwatin yana kan teburina har yau. Batiri ɗaya da waya biyu yake buƙata, aikin minti ashirin. Ban gyara ba, ban kuma kira shi na faɗa masa ba. Bronwyn takan ɗaga waya idan na kira, ta tambayi lafiyar gwiwata, ta ce tana da aiki.