Ƙyallaye Goma Sha Takwas

Bara'atu na kakkaɓe tabarmar Sadiya sai wani ƙunshi ya faɗo daga cikin naɗin, ya gangara har gindin keken ɗinki. Ta sa hannu za ta jefa shi a shara, wani abu ya soke ta a yatsa. Allura ce. Allurarta ta hannu, wadda ta fi mako biyu tana nema har ta fara hararar masu kawo mata ɗinkin Sallah.

Ta kwance ƙunshin. Ƙananan ƙyallaye ne, kowanne bai wuce faɗin yatsu uku ba, an haɗa su bibbiyu da baƙin zare, ɗinki duk a karkace. Ta ƙirga, goma sha takwas. Yawancinsu shuɗi ne mai ɗigon fari, kuma ko daga barci aka tashe ta za ta gane shi: ɗankwalin Asma'u ne, mahaifiyar Sadiya, wadda aka binne wata tara da suka wuce. Uku kuwa ruwan ƙasa ne. Ta ɗaga kai ta dubi zanenta na girki da ke rataye a igiya, wanda ta ga an gutsure gefensa ta ɗora wa ɓera laifi. Ashe ɓeran mai almakashi ne.

Ɗaya daga cikin ƙyallayen nata an ɗinke shi da shuɗin. Tufar mai rai a jikin ta mamaciya. Ta nemi kujera ta zauna.

Sadiya 'yar ƙaninta Abdurrahim ce, shekararta bakwai. Da uwar ta rasu, shi da ke tuƙin tanka a kudu ya damƙa wa Bara'atu ita, don ta yi boko da islamiyya a nan Azare. Bara'atu ba ta taɓa haihuwa ba, ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ita ta koya mata alwala, ita ta gyara mata Fatiha, ita ke tsayar da ita a gefenta kowace salla. To amma akwai Inna Dijatu, kakar yarinyar ta wajen uwa, tsohuwar Bafillatana ta Dagauda, wadda ta so a ba ta jikarta aka hana. Ranar zaman makoki ba ta ce komai ba sai, "To, Allah ya raya." Tun daga ranar Bara'atu ke juya wannan "to" ɗin a ranta, ba ta taɓa samun gefensa mai daɗi ba.

Kuma ranar biyu ga azumin nan tsohuwar ta shigo cin kasuwa, ta biyo da ƙwaryar nono. Ta ja Sadiya bayan ɗaki suna ƙus-ƙus da Fillanci, har da dariya. Washegari allura ta ɓace.

Mijin Bara'atu, Malam Sha'aban, ya fito zai tafi ofis, ta tare shi a zaure ta buɗe masa tafin hannunta.

"Malam, dubi abin da ake yi mini a cikin gidana."

Ya jujjuya ƙyallayen. "Wasan yara ne wannan. Ki tambaye ta mana."

"Yarinyar da aka riga aka yi wa huɗuba? Wane wasa ne ake haɗa zanena da na wadda ke kabari? So ake a raba ni da ita, ko a aika ni inda uwarta ta tafi."

"Bara'atu, da azumi a bakinki. Zato zunubi ne."

"Ko da ya zama gaskiya, na sani. To ni dai na ga abin da na gani."

Ya girgiza kai ya tayar da babur ɗinsa. Ita kuwa ta ɗaure ƙunshin a bakin zane, ta zura hijabi, ta bar ɗinkin mutane jibge a kan keke, ta hau acaɓa sai tasha. Dagauda babu waya, saƙo sai ta bakin direba. Ta sami Bunu, wanda ke jigilar hanyar Dambam da ke bi ta Dagauda, motarsa saura mutum biyu ta cika.

"Ka san Inna Dijatu mai nono? Ka ce mata in ji Bara'atu, na ga aiken da ta ba jikarta. Kada ƙafarta ta sake taka ƙofar gidana."

Bunu ya sosa ƙeya. "Hajiya, haka zan faɗa mata? Tsohuwa ce fa."

"Haka. Kada ka rage ko wasali."

Ba ta bar tashar ba sai da ta ga motar ta fice.

Sadiya ta dawo daga makaranta gab da azahar, leɓɓanta a bushe. Rabin azumi take yi, daga asuba zuwa azahar, kamar sauran sa'anninta. Da aka kira salla ta yi bismilla ta sha kunu, ta yi alwala, ta tsaya gefen Bara'atu kamar kullum. Bara'atu na salla, amma Allah ya gafarta mata, rabin hankalinta na kan ɗan hijabin da ke gefenta. Wannan sunkuyawar, wannan ladabin, duk koyarwarta ce ko kuwa lulluɓi ne?

Suna sallamewa yarinyar ta shige ɗaki. Bara'atu ta laɓe a bakin taga. Ta ga ta warware tabarma, ta naɗe, ta sake warwarewa. Ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta zazzage jakar makaranta. Daga nan ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Bara'atu ta ƙyale ta har la'asar, sai da ta hura wutar ƙosai sannan ta kira ta.

"Me kike nema ɗazu?"

"Ba komai, Goggo."

"Ƙarya kuma? A gidan nan na koya miki ita?" Ta kwance bakin zane, ta riƙe ƙunshin a saman murhu. "Wannan ne ba komai? Wa ya sa ki? Ki faɗa mini gaskiya, ko yanzu ya zama toka."

Yarinyar da ko tsawa ba ta jurewa ta yi kukan kura ta riƙe mata hannu, har gefen hijabinta na lasar wuta. Bara'atu ta fizge ta baya.

"Goggo kada ki ƙona, azumina ne."

"Azuminki?"

"Ke kika ce in yi rabi yau, in yi rabi gobe, za ki ɗinke mini su zama ɗaya." Tana magana tana shessheƙa. "Na kawo miki maganar sau uku, kika ce in bari ki gama ɗinkin Sallah. Shi ne na tambayi Inna yadda ake yi. Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba, amma in riƙa yanka ƙyalle ɗaya duk ranar da na kai azahar, kada lissafi ya ɓace kafin ki sami sarari. Na ga ba ki samu ba, na ɗinka da kaina."

Bara'atu ta tuna. Daren farko na azumi, ƙafarta a kan keke, ko waiwayowa ba ta yi ba ta faɗi maganar. Haka aka faɗa mata tana ƙarama, haka kowace uwa ke faɗa wa ɗanta don ya saba. Wa ya taɓa zuwa neman zaren?

"To gaggawar me kike yi? Ke da azumi bai ma hau kanki ba."

"Na Ummata ne. Bara da ba ta da lafiya ta sha goma sha ɗaya. Na ji mata suna faɗa ranar rasuwa, wai ba ta rama ba. Na yi mata tara, saura biyu."

Man ƙosai ya fara hayaƙi, babu wanda ya kula shi.

"Zanena fa?" Muryar Bara'atu ta yi ƙasa. "Ga ƙyallaye nan buhu guda a ɗaki."

"Guntun ɗankwalin Umma da nake da shi ne ya ƙare. Kuma kin ce ƙyallen mutane amana ne, a mayar wa mai shi ko da zare ɗaya ne." Ta share hanci da bayan hannu. "Naki kuwa namu ne."

Kunya ta rufe Bara'atu, irin wadda ba ta taɓa ji ba a gaban babba balle yaro. Ta san wanda ciwo bai sake shi ba har ya koma ga Allah babu ramuwa a kansa, ta kuma san ba a ɗinka azumi da zare. Za ta faɗa mata duka, a hankali, wata rana. Ta sauke kaskon, ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta shimfiɗa ƙyallayen a kan gwiwa.

"Goggo, ɗinkin ya karkace. Allah zai karɓa?"

"Ya fi nawa miƙewa. Ɗauko almakashi da zanen can, na yau ba a yanka ba."

Sadiya ta ruga ta kawo. Bara'atu ta yanka da hannunta, ta zura zare a allurar.

"In mun gama zan nuna wa Inna," in ji Sadiya. "Ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta kawo mini man shanu, ta ga ko kin ɗinke."

Bara'atu ta dubi inuwar katanga. Warhaka Bunu ya daɗe da isa Dagauda, kuma mutum ne da ba ya rage saƙo.

"Ki wanke hijabinki yau," ta ce. "Gobe da sassafe mu za mu je mata."