Littafin da Buraima Bai Gama Ba

Nafiou ɗan ci-rani ne, direba a unguwar Al-Badi'a, kuma jibi zai kai iyalin kafil ɗinsa, wato ubangidansa, hutu bakin teku. Ya san yadda abin yake: su suna cikin ruwa, shi yana zaune yana gadin takalma. Sai ya leƙa kasuwar Batha wurin Malam Basiru mai tsofaffin littattafai.

"Malam, a ba ni mai ban dariya. Ba na son na kuka."

"Ɗauki wannan, ba wanda ya mutu a ciki," in ji Malam Basiru. "Abokinka Buraima ma shi ya ɗauka."

Bara tekun nan ya ci Buraima. A motarsa aka tsinci littafin, ya naɗe kusurwar shafi na arba'in, aka mayar wa Malam Basiru.

Washegari da azahar Nafiou ya buɗe jakarsa. A garin da wanki ke bushewa kafin ka juya baya, littafin ya jiƙe sharkaf, yana ƙarnin ruwan teku. Naɗin ya koma shafin ƙarshe. A ƙasa ga rubutun Buraima, tawadar ko bushewa ba ta yi ba:

"Ya yi daɗi. Taho mini da na biyu gobe."