Gwangwanin Inna

Yayata ta yi shekara da shekaru tana kiwon ƙwayoyin cuta. Haka Inna take gaya wa duk wanda ya tambaya: "Wasu kaji suke kiwo, tawa 'yar kuwa cuta take kiwo, kuma biyanta ake yi." Ba ta yi ƙarya ba. A ɗakin binciken Yaya akwai firjin da ya fi ni tsawo, cike da 'yan kwalabe, kowace da ƙwayar da aka samo daga jikin wani majinyaci. Aikinta shi ne ta karanta halittarsu harafi-harafi a kwamfuta, ta gano dabarar da suke yi har magani ya daina kashe su. Ta sha zuwa taro tana gargaɗin likitoci kan shan magani barkatai, ana tafa mata. A gida kuwa, ko a jikin Inna.

Inna tana da wani gwangwanin madara a saman kabad. In likita ya rubuta mata kafso, da ta ji sauƙi sai ta tsaya, ta zuba ragowar a ciki. Wai almubazzaranci ne mai lafiya ya yi ta haɗiyar magani. Maƙwabta duk sun san hanya. Mai tari, mai ƙurji, mai ciwon ciki, Inna za ta girgiza gwangwani ta zaɓo masa ja-da-rawaya guda biyu, ta bi shi da addu'a. Yaya ta yi faɗa, ta yi lallashi, wata rana har sace gwangwanin ta yi, washegari sai ga sabo. Ni malamar firamare ce, na san ɗalibin da ba ya jin magana tun daga nesa, don haka na ce mata ta haƙura.

Sai ƙusa ta soki Inna a tafin ƙafa, ga ta da ciwon suga. Ciwo ya ƙi warkewa. Likita ya canza magani, ya sake canzawa, ƙafa sai ƙara kumbura take. Ƙarshe ya ja mu gefe ya ce in ba a sami wanda zai ci ba, yanke ta za a yi daga idon sawu. Matar da ba ta iya wuni a zaune!

Yaya ta nemi izinin likitan, ta shafo ruwan ciwon da ɗan tsinke mai auduga, ta tafi da shi. Bayan 'yan kwanaki ta ce in turo Inna a keken marasa lafiya zuwa wurin aikinta.

Aka sa wa Inna farar riga da safar hannu. "To, yau na zama likita da tsufana," in ji ta. Yaya ta ɗago wani ɗan faranti a rufe ta kanga shi ga fitila.

"Inna, wannan fari-farin da ya lulluɓe farantin, su ne baƙin da suka sauka a ƙafarki. Waɗannan 'yan takardun kuma, kowace da magani a jikinta. Dubi yadda suka haye su."

"Har da ja-da-rawaya?"

"Shi suka fi rainawa."

Ta juyo mana da kwamfuta, haruffa reras kamar jerin gwanon tururuwa, ta nuna wasu wurare da ta shafa wa launi. Ta ce nan aka rubuta makamin da suke karya kowane magani da shi. Ta ce rabin magani raunana kawai yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa.

Inna ta dubi Yaya. "Wato ni na share musu fage?"

"Ba ke kaɗai ba, duniya ce duka. Amma kin taimaka."

Dariya ta ƙwace mini, Inna ta galla mini harara.

A gefen farantin akwai takarda guda da ƙwayoyin suka ƙi kusanta, sun bar mata da'ira tas. Yaya ta ɗora yatsa a kai. "Wannan kaɗai ya rage. In kika yi masa irin ta sauran, ba ni da wani, Inna." Tunda nake ban taɓa jin Yaya haka ba, sai tausayinta ya kama ni.

Maganin ya ci. Kumburi ya saɓe, ciwo ya fara haɗa baki, Inna ta koma faɗan waye ya bar mata tsintsiya a ƙofa. Murna kamar me. Amma ni tsorona ɗaya, don na san hali: sauƙi ya samu, kafso kuwa da saura.

Ranar nan da hantsi ni da Yaya muna shan shayi a tsakar gida, Inna na kishingiɗe a kan tabarma, sai ga maƙwabciyarmu da ɗanta a kafaɗa, yana ta tari.

"Inna, ko akwai guda biyu? An ce sabon naki yana da ƙarfi."

Na ga hannun Yaya ya tsaya da kofi. Inna ba ta taɓa mayar da kowa hannu rabbana ba. Ta jawo kwalin maganin daga ƙarƙashin matashi, ta jujjuya shi, ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa. Sai ta ɓallo guda, ta jefa a bakinta, ta kora da shayina.

"Wannan da mai shi, 'yar nan, ban gama da baƙina ba. Yaron kuma ba mu san wa ya sauka a ƙirjinsa ba, sai an duba."

Ta laluɓo takalminta, ta dafa bango, ta miƙe.

"Goya shi mu je asibiti. Ni zan raka ki, ai ina da ƙafa."