Tsagar Ƙaho a Bayan Sanda

Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiyar zuciyar Sanda, mijin Suwaiba, amma akwai allurar da ke narkar da shi. Suwaiba ta matso.

"Kamar kanwa a ruwa, Likita?"

"Kusan haka, sai dai tana sa rauni zubar da jini. Yana da wani rauni?"

Ita ta sa wanzami ya yi masa ƙaho a garin Ƙarfi, da ƙirjin ya fara ciwo. In ta faɗa, ko za a hana shi allurar? Ta ɗaga rigarsa, ta nuna tsagar.

"Ki danne da auduga, Hajiya, kada ki saki."

Likita ya sa allurar a ƙarin ruwa. Ana cikin ƙarin ruwan, Sanda ya ja dogon numfashi.

"Suwai, nauyin ƙirjina ya sauka."

Ta yi dariya da hawaye, amma ba ta saki ba.