Idon Mama da Kunnen Baba

Babanmu direban babbar bas ne har ya yi ritaya, kuma ko bayan ya ajiye sitiyari bai daina kiran Mama da Kwandasta ba. Ita ke karɓa, ita ke rabawa, ita ke cewa a tsaya ko a wuce a gidan. Da tsufa ya zo musu da magunguna, rabon ƙwaya ma a hannunta ya faɗa. Kowace safiya takan sauko da wani tsohon gwangwanin biskit daga saman firij, ta zaro wa kowa nasa, ta ajiye a gefen kofin shayinsa. Baba kuwa sai dai ya watsa a baki ya kora da ruwa, bai taɓa tambayar me aka ba shi ba.

Magungunan ba wasu masu yawa ba ne. Dukansu suna shan na hawan jini. Ban da shi, Mama tana da wani na rage ruwa a jiki saboda ƙafafunta kan kumbura, Baba kuma yana da na matsalar fitsari irin ta tsofaffin maza, wanda ba ya so a ambata a gaban mutane. Idan dole sai an yi maganarsa, yakan ce "na wajen nan".

Ni ce babbar 'yarsu, ina aure a wani gari mai ɗan nisa. Ƙannena maza ne, kuma idan sun buga waya aka ce musu lafiya lau, shi ke nan magana ta ƙare. Da na sami hutu a wurin aiki sai na ce bari in je in yi musu kwana biyu in gani da idona.

Abin da na fara lura da shi tun a bakin ƙofa shi ne Mama sanye take da silifas ɗin Baba. Na tambaye ta ina nata takalman, ta ce sun matse, wai takalman zamani ba su da kirki, kwana kaɗan sai su tsuke. Na dubi ƙafar, ta yi suntum kamar burodin da ya tashi. Shi kuma Baba, kafin mu gama gaisawa ya tashi ya shiga banɗaki, ya dawo muka ci gaba, ban kai ga ba shi labarin jikokinsa ba ya sake miƙewa. Ya rame, leɓensa a bushe. Na ce ko ba ya jin daɗi ne, ya ce ai sun gode, tsarabar ta yi kyau.

Da yamma ina taya Mama wanke-wanke a kicin sai ta turo ƙofa, ta rage murya, ta ce akwai maganar da take so mu yi amma kada in nuna wa babana. Kunnensa ya tafi. Talabijin sai ya ƙure ta har maƙwabta suna jin labarai kyauta. Ranar nan ta ce ya sayo mata albasa, ya dawo da ashana, kuma da ta yi magana ya ce ita ce ke tauna kalmomi tun da haƙorinta ya fita. Tana wannan bayani tana laluben soso, ga shi kuwa a gabanta a kan kwano.

Washegari Baba ya ce in raka shi ya duba shuke-shukensa a bayan gida. Muna zuwa ya waiwaya, ya ce magana ce ta sirri, sai dai da ƙarfin da ya faɗe ta na tabbata har mai shagon tsallaken titi ya ji. Idon Kwandasta ya yi rauni. Ta zuba masa gishiri a shayi ta rantse sukari ne. Ta taɓa tsayawa a baranda tana gaida rigar maƙwabcinsu da aka shanya a igiya, har tana tambayarta ya jikin maiɗakinsa. Ya ce in lallaɓa ta ta je a duba, amma kada in ce shi ya faɗa. Na ce to, shi fa kunnensa? Ya ce e, tumatirin ya yi kyau bana.

Na gwada kowannensu a hankali. Mama ta ce idonta garau, rubutun yanzu ne ake yi ƙanana don a cuci mutane. Baba ya ce yana jin duk abin da ya kamata a ji. Na bar maganar, ina tunanin in sake ɗauko ta kafin in tafi.

Ban kai ga haka ba. Da safe, bayan sun sha shayi da magani, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ta taɓa kafaɗar Baba ta nuna masa, ya miƙe da sauri, ya yi taku biyu, sai na ga ya kama labule ya sulale ƙasa a hankali. Bai suma ba, amma fuskarsa ta yi fari, gumi ya keto masa. Mama ta durƙusa da ƙafafun nan nata masu nauyi, ta tallabe kansa tana kiran "Malam, Malam" ba ƙaƙƙautawa. Ban taɓa jin ta haka ba. Shi kuwa da ya ɗan dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne ɗakin ne ya juya, shi yana tsaye daidai.

Mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsu ne, mai rigar da aka gaisar, kuma shi ya kai mu asibiti a motarsa. Har mun fita na koma na ɗauko gwangwanin biskit ɗin, don na san za a tambayi abin da yake sha.

Likitar mace ce mai fara'a, ba za ta wuce sa'ar ƙanina ba. Ta auna jinin Baba a kwance, ta sake aunawa a tsaye, ta ce ya faɗi sosai kuma jikinsa ya rasa ruwa. Ta yi masa tambayoyi, yana amsa wasu daban, har ta gane ta matso kusa da kunnensa. Sannan ta juye gwangwanin a kan tebur, ta ce wa Mama ta nuna mata wanda take ba shi.

Mama ta ɗauki leda ɗaya ta nisanta ta da fuskarta, ta matso da ita, ta karkata wajen taga. Daga baya ta haƙura da karatun, ta zaro ƙwaya ta shafa ta da babban yatsa. Ta ce mai tsaga a tsakiya ita ce ta Malam, mai santsin kuma tata ce. Likitar ta karanta ledojin biyu, ta dube ni, ta dubi ƙafar Mama, na ga tana danne dariya.

"Mama, mai tsagar nan taki ce, ta rage ruwa. Baba kike ta rage wa ruwan jiki. Ke kuma kina shan maganin mafitsarar maza."

Baba, da bai ji ba, ya tambaye ni me aka ce. Dole na maimaita masa da ƙarfi, har nas ɗin da ke wucewa ta leƙo. Ya kalli silin, sannan kafaɗunsa suka fara girgiza don dariya. Ya tambayi Mama ko ta ga amfanin maganin nasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce laifin na mai karɓo magani ne. A hankali labarin ya fito. Da can nata rawaya ne, nasa fari, da launi take rabawa ba sai ta karanta ba. Zuwan ƙarshe da Baba ya yi kantin magani, aka ba shi na wani kamfani, dukansu farare. Mai kantin ya yi masa dogon bayani ta bayan gilashi, Baba yana ta gyaɗa kai, kuma abin da ya kama a ciki kawai shi ne "iri ɗaya". Ya dawo gida ya ce wa Mama an ce duk iri ɗaya ne da na da. Da na kira mai kantin daga baya, ya ce abin da ya faɗa shi ne launinsu ya zama iri ɗaya, a kula a riƙa duba sunan da ya rubuta a jikin kowace leda. Sunan yana nan kuwa ɓaro-ɓaro da jan biro. Mama ba ta iya ganinsa, kuma ba ta so ta ce wa mijinta ya karanta mata, sai ta yi shawara da yatsanta.

Aka sa wa Baba ruwa, aka ɗebi jininsu duka biyu don a duba ƙoda. Muna zaune a bakin gadon, Mama tana ta gyara masa bargo da ba ya bukatar gyara. Can ta ce, a hankali, da wani abu ya same shi da hannunta ne. Na san bai ji ba, amma ya ga fuskarta. Ya kama hannun ya riƙe, ya ce shayinta mai gishiri ma bai kashe shi ba.

Sakamakon ya fito da sauƙi. Likitar ta ce Allah ya taƙaita, kowa ya koma kan nasa, su dawo a sake auna su. Amma ta ce ba za ta sallame su ba sai sun yi alkawarin abu biyu: Mama ta je sashen ido, Baba ya je sashen kunne.

Nan aka fara ciniki. Mama ta ce tabarau na shugabar makaranta ne, ita ba ta riƙe da bulala. Baba ya ce shi ba rediyo ba ne da za a riƙa sa masa batir. Kowa ya yarda ɗayan ne ke da bukata. Likitar ta harɗe hannu tana sauraro kamar ba ta da wasu marasa lafiya a layi. A ƙarshe Mama ce ta ce za ta je, amma sai ta ga an fara leƙa kunnensa tukuna. Baba ya ce da wane idon za ta gani. Na ƙara hutuna, na kai su duka biyu rana ɗaya.

Ranar da aka karɓo tabarau, Mama ta ƙi sa shi a hanya, sai da muka shiga falo. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana juyawa. Ta ga yanar gizo a kusurwar silin. Ta ga labulen da take taƙama da shi ya koɗe, ga tabon shayi a hannun kujera. Ta ce ashe haka muka bar ta tana karɓar baƙi. Sannan ta juya ga Baba, ta daɗe tana kallonsa daga hula har ƙafa.

"Malam, yaushe ka tsufa haka?"

Ya ce tun tuni, yana dai jiran ta lura.

Na'urar ƙara ji da aka ba Baba ta fi wahalar sabo. Ranar farko ya ce firij ya lalace, yana wani gurnani, a kira mai gyara. Muka ce haka yake yi shekara da shekaru. Ya ce agogon bango ya cika surutu, cokali yana ƙara, kuma bai san haka yake tauna abinci ba, me ya sa ba wanda ya gaya masa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne Mama. Ashe idan tana shara ko ninke kaya, magana take yi ƙasa-ƙasa, kuma yawanci a kansa: yadda yake barin tawul a kan gado, yadda yake buɗe taga ya manta. Ya zauna yana saurare kamar mai jin wasan kwaikwayo a rediyo, can ya amsa mata daga falo cewa tawul ɗin ba shi ya bari ba. Tsintsiyar ta tsaya. Ta leƙo ta ce mini wannan abu ba a kashe shi ne?

Na sayo musu akwatunan magani masu gida-gida, shuɗi da ja, muka mayar da gwangwanin biskit wurin zare da allura. Suka tsara yadda za su yi da kansu: ita ta karanta sunan da ke jikin leda da ƙarfi, shi ya maimaita, sannan a zuba. Rabin lokacin yana tafiya ne a gardamar yadda ake furta sunan, amma ƙwayar tana shiga inda ya dace. Kafin in tafi kumburin ya saɓe, Mama ta koma takalmanta, ta ce ashe sun saki. Baba kuma ya iya zama a gama hira da shi.

Da safen da zan koma, ina tsaye a baranda ina neman lambar mai tasi a waya, Mama ta fito da jakata. Ta tsaya tana kallona ta cikin tabarau. Ta ce me ya sa nake miƙa wayar can nesa kamar za ta cije ni. Na ce hasken rana ne. Ta matso, ta ɗaga gefen ɗankwalina, ta ce furfura ce wannan ko zare. Sannan ta tambaye ni yaushe rabon da a auna jinina, ni da nake ta kai mutane asibiti.

Na ce ai ni lafiyata lau. Ta cire tabarau ɗin ta miƙo mini, ta ce in gwada. Na sa don kawai in rabu da ita, sai ga lambar mai tasin ta fito tar. Na yi sauri na cire na mayar mata, na ce babu wani bambanci. Ta shiga ciki ta ɗauko mini katin sashen ido ta tura a aljihun jakata.