Alminiyam a Ruwan Auta

Mai Taga bai yarda akwai ƙarfen da ya kai alminiyam ba. Tun yana saurayi yake yanka shi, yana haɗa tagogi da ƙofofi da akwatunan gilashi na masu shaguna. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagonsa sai ya sha bayani: ga shi ba nauyi, ga sheƙi, ruwan sama ya yi ta dukansa shekara da shekaru ba ya tsatsa. Maƙwabcinsa Mai Firji, da ke aiki da bututun jan ƙarfe, ya sha gori har ya saba.

Autarsa kuwa zanen gine-gine take karantawa. Kwamfutarta ta teburi ba ta son wahala. Da an sa ta fitar da hoton babban gini sai ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta gurnani, can ta ɗauke ɗif. Ga aikin kammala karatu a cikinta, ga lokacin miƙawa yana matsowa. Sai Auta ta yanke shawarar sanyaya ta da ruwa. Ta samo ɗan famfo da siririn tiyo, Mai Firji ya naɗe mata bututun jan ƙarfe inda fanka za ta riƙa hura ruwan ya huce. Abin da ya rage shi ne ɗan farantin da ke zama a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ruwa na bi ta cikinsa yana kwashe zafi.

"Baba, shi ma na jan ƙarfe ake so," in ji ta.

"Jan ƙarfe? Ina raye, ina da shago?" Ya dafa ƙirji. "Ni zan yi miki shi, da abin da ba ya tsatsa."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskarsa, ta yi shiru.

Aiki kam ya yi shi, ba za a tauye masa haƙƙi ba. Ya yanko guntu mai kauri, ya huda masa 'yan hanyoyin ruwa a jere, ya goge shi har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Kafin ya kai gida sai da ya zaga layin da shi a tafin hannu, tela ya gani, mai walda ya gani, Mai Firji ya gani har ya gaji da gani. Da aka ɗaura, kwamfuta ta yi tsit, aiki ya miƙe. Makonni Mai Taga yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba.

Wata safiya yana cikin buɗe shago, sai ga Auta da farantin a naɗe cikin tsumma. Ta zo da wuri ne don kada 'yan benci su riga ta.

"Ruwan ya yi fari, Baba, zafin ya dawo. Na kashe ta na kwance."

Ya sassauta kusoshin murfin farantin ya buɗe. Hanyoyin da ya huda da hannunsa sun toshe da wani farin abu mai yauƙi kamar koko. Ya share da ɗan yatsa, sai ga ramuka a jikin ƙarfen, an cinye shi ta ciki. Ɗaya ramin saura ƙiris ya ɓulle. Ya san ƙwaƙwalwar kwamfutar ce a ƙarƙashin wannan wurin, kuma ya san ɗigo ɗaya ya isa ya kashe na'urar.

"Ruwan ne ba shi da kyau," ya ce. "Ko kuma datti ne a bututun wancan mutumin."

"Ruwan tatacce ne. Ƙarfe biyun ne ba sa zama a ruwa ɗaya. In suka haɗu, jan ƙarfe yana nan lafiyarsa lau, alminiyam ne ke narkewa a hankali. Naka ba shi da laifi in shi kaɗai ne." Ta yi sauri ta ƙara, "Zan cire bututun, in nemi na alminiyam, ka sake yi min wani farantin."

Ya ɗan jima yana juya abin a hannu.

"Wanne ya fi jan zafi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke nake tambaya, Auta."

"Jan ƙarfe."

"Kin san wannan maganar tun farko?"

"Na karanta. Na ɗauka zai kai ni in gama. Ka yi murna sosai, Baba."

Wannan ta fi ramukan yi masa ciwo. Yarinya ta jefa wahalar shekarunta a haɗari don kada ubanta ya ji kunya. Kunyar kuwa ya ji ta, amma a ƙarƙashinta wani abu ne ke tasowa, mai daɗi, har ya cika masa ƙirji. Ashe ya haifi wadda ta san abin da bai sani ba, ta kuma iya riƙe bakinta saboda shi.

Bai tafi a lokacin ba. Ya jira sai da benci ya cika, sannan ya gyara hula ya tsallaka shagon Mai Firji.

"Guntun jan ƙarfe nake so, mai kauri."

Mai Firji ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kama kunne. "Wallahi kwanan nan ba na ji sosai. Me ka ce?"

Mai Taga ya juya ya fuskanci layin gaba ɗaya, ya ɗaga murya. "Jan ƙarfe na zo nema! Nawa ya narke a ruwa. 'Yata ce ta gano dalili, ni da kai duk ba mu sani ba, sai dai mu yi ta cika baki!"

Aka kwashe da dariya, shi ma yana ciki. Mai Firji ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito da guntu mai kyau, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, wannan ihun ya biya shi.

Da ya dawo shago, Auta na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai, idanunta sun cicciko. Ya ɗaure guntun a kan teburin aiki, ya zaro alƙalamin da ke maƙale a kunnensa. Yaran da suka yi shekaru a ƙarƙashinsa babu wanda ya taɓa ja masa layi a kan ƙarfe. Ya miƙa mata.

"Zana min inda ruwan zai bi. Inda kika ja, nan zan huda."

Ta karɓa, ta sunkuya a kan teburin. Tela ya leƙo zai yi tsokana, Mai Taga ya ɗaga masa hannu tun daga nesa.

"A yi mana shiru," ya ce. "Injiniya na aiki."